Ƙasa Ba Ta Ruftawa Sai Ta Yi Sallama

Daura gari ne da duniya ta san shi da rijiya. Duk yaron da ya zauna a aji a ƙasar Hausa ya ji labarin Kusugu, kuma har gobe baƙi na zuwa su leƙa bakinta, su ɗanɗani ruwanta. An kewaye ta da gini, an sa mata mai kula, babu mai ɓatan hanyarta. Sai dai Kusugu ɗaya ce tak cikin ramuka marasa adadi da kakanninmu da mu kanmu muka haƙa a wannan ƙasa: rijiyoyin cikin gida da suka ƙafe aka cika su da shara, tsofaffin masai, karofin marina, kududdufan da aka ɗebi ƙasar gini a cikinsu, da ramukan marmara da na yashi a bayan gari. Ɗaya muka riƙe, sauran kuwa muka rufe bakinsu muka manta. Rami kuwa ba ya cikewa don an manta da shi.

Masarautar Daura ba ƙasar ma'adinai ba ce irin Jos da kuzarta, ko Anka da zinarenta. Dalilai biyu ne suka sa na ga ya kamata mu yi wannan magana a nan. Na farko, samarinmu na Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa mutanen ci-rani ne, kuma a 'yan shekarun nan ci-rani ya haɗa da shiga ramin zinare. Na biyu, dokar da ke rusa ramin zinare mai zurfin gaba ashirin ita ce ke lotsa ɗakin da aka gina a kan tsohuwar rijiya. Ƙasar da ke kan rami tana ba da alama kafin ta rufta, kuma ana iya koyon karanta alamar. Abin da muka rasa shi ne idon da zai karanta, da littafin da zai tuna mana inda ramukan suke.

Garin Liman

Ranar Lahadi 7 ga Nuwamba, 2021, ramukan haƙar zinare suka rufta a Garin Liman, cikin yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, dab da iyakar Jibiya. Rahotannin farko sun tabbatar da mutuwar aƙalla mutum 18. Watanni kaɗan ke nan da gano zinare a wurin, amma dubban mutane sun riga sun yi masa tsinke daga Nijar da Nijeriya, kowa na haƙa rijiyarsa kusa da ta ɗan'uwansa. Bayan hatsarin hukumomi suka ba da umarnin rufe wurin. Ranar 3 ga Yuni, 2024 kuma, bayan ruwan sama mai yawa, wata mahaƙa ta rufta da gomman mutane a Galadima Kogo da ke ƙaramar hukumar Shiroro a jihar Neja.

Irin waɗannan labarai kusan kalma ɗaya ake rubuta su da ita: ƙasa ta rufta kwatsam. A rubuta adadin mamata, a rubuta ta'aziyyar gwamna, a wuce. Kalmar kwatsam ɗin nan ita ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin tana rufe ƙofar tambaya. Ruftawar kanta takan zo cikin ƙiftawar ido, gaskiya ne. Amma abin da ke kai ƙasa ga ruftawa yakan ɗauki kwanaki, ko watanni, wani lokaci shekaru gommai, kuma a tsawon wannan lokaci yana barin sawu a doron ƙasa. Mun yi imani ajali ba ya wuce lokacinsa, amma wannan imani bai taɓa hana manomi tokare rumbun da ya ga ya karkata ba.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashi

Mu fara da nauyi. Ƙasa mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, tana kai nauyin tan ɗaya da rabi zuwa biyu. Wato buhun siminti talatin ko fiye. Wanda ƙasa ta danne shi zuwa ƙirji kawai na iya rasa numfashi alhali kansa na waje. Kafin a yi haƙa, wannan nauyi yana zaune ne a kan abin da ke ƙarƙashinsa. Da zarar an cire na ƙasan, nauyin bai tafi ko'ina ba, sai dai ya koma kan gefunan ramin da ginshiƙan da aka bari. Muddin suna iya ɗauka, shiru kake ji. Ranar da suka gaji, sai ƙasa ta nemi hanyar sauka.

Saukar iri biyu ce, kuma bambanta su na da amfani.

Iri na farko shi ne na rami mara zurfi sosai. Rufinsa yakan riƙa zubowa kaɗan-kaɗan, yau ɓawo ɗaya, gobe wani. Duk abin da ya zubo daga sama ya sauka a ƙasan ramin, sai ya zama kamar ramin na hawa sama a hankali, tamkar rijiyar da ake haƙawa daga ƙasa zuwa sama. A ƙarshe abin da ke tsakaninsa da tafin ƙafar mutum ɓawo ne kawai, irin tabarmar da ake shimfiɗawa a bakin rijiya a tatsuniya. Wannan shi ne mai burmawa lokaci guda. Idan akwai dutse mai ƙwari a sama, ramin kan shaƙe kansa kafin ya iso, domin fasasshen dutse ya fi ɗaukar wuri a kan wanda bai fashe ba. Shi ya sa injiniyoyin Ingila ke da wani ƙiyasi na aiki, cewa a samu dutse mai kaurin ninki goma na tsayin ramin a samansa kafin hankali ya fara kwanciya. A ƙasar jigawa irin tamu, wannan kariya ba ta da ƙarfi: yashi ba ya shaƙe rami yadda dutse ke yi, ruwa ma na iya wanke shi ya yi gaba da shi.

Iri na biyu shi ne na mahaƙa mai zurfi da faɗi. A nan ƙasa ba ta burmawa, lotsawa take yi a hankali, ta yi kwari mai faɗi kamar faranti. Ɗauki ɗanyen kara ka lanƙwasa: bayansa zai tsage, cikinsa ya tattare. Haka ƙasa take yi. A gefen farantin ana jan ta, sai ta dare, a ga tsaga mai buɗaɗɗen baki. A tsakiya kuwa ana matse ta, sai daɓe ya kumbura, kwalta ta tattare, bututun ruwa ya lanƙwashe. Abin lura a nan shi ne farantin ya fi ramin faɗi. A filayen kwal na Ingila an daɗe ana ƙiyasta cewa motsin na bazuwa da kusurwar digiri 35, wato kusan kashi bakwai cikin goma na zurfin. Idan zurfin mita 30 ne, gidan da ke mita 20 daga iyakar ramin bai tsira ba. Saboda haka cewa ai ba a ƙarƙashin gidana suke haƙa ba, ba hujja ba ce.

Sai ruwa, wanda shi ne babban ɗan aiken ruftawa. Kowa ya ga yara na gina ɗaki da yashi mai damshi a kan ƙafarsu, su zare ƙafar ɗakin ya tsaya. Ɗan damshin nan ne ke riƙe ƙwayoyin yashi. In ya jiƙe sharkaf ya saki, in ya bushe ƙarau ma ya saki. Don haka hatsarin bai taƙaita ga tsakiyar damina ba. Ramin da ya tsaya cak a watan Satumba na iya zubewa bayan iskar hunturu ta busar da shi. Abu na ƙarshe shi ne kwaɗayi da talauci. Ginshiƙin da aka bari don ya riƙe rufi shi ma akwai ma'adini a cikinsa. Idan jijiya ta ƙare, sai a koma ana gutsurar ginshiƙi. Masu ɗibar yashi da marmara su ma haka suke yi in suka riƙa rarake gindin gaɓa suna barin samanta a rataye, don ya fi sauƙi a kan farowa daga sama.

Tsaga mai rai da matacciya

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba, kuma wanda ya firgita da kowace tsaga zai gaji ya daina kula da mai hatsarin. Laka a fadama takan tsattsage da rani, ta yi zane kamar bayan kunkuru, ruwan farko ya rufe ta. Filastar da ta bushe da sauri takan yi siraran layuka kamar gashi, waɗanda ba su wuce fatar bango ba. Ginin ƙasa na neman yaɓe duk shekara. Waɗannan duk lamarin yau da kullum ne.

Tsagar da ke fitowa daga motsin ƙasa tana da halayenta. A fili, doguwa ce, sau da yawa tana lanƙwasa kamar baka, tana zagaye wurin da ke sauka, kuma takan zo da 'yan'uwanta a jere. Gefe ɗaya yakan fi ɗayan tudu, ko da da kaurin yatsa ne, har ƙafa ta ji ɗan mataki. Ba ta zaɓen abin da za ta ratsa: za ta bi gona, ta tsallaka hanya, ta hau katanga a kan layi guda. Ruwan sama ba ya rufe ta, shanye shi take yi.

A jikin gini kuwa, takan tashi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ko ta bi mahaɗin bulo kamar matakala. Gefe ɗaya ya fi ɗayan faɗi, galibi saman. Ana ganin ta daga ciki, a kuma gan ta daga waje a daidai wurin, wato ta ratsa bangon ke nan. Ma'aunin da masu binciken gine-gine na Ingila ke amfani da shi yana da sauƙin riƙewa: ƙasa da milimita 5 ƙaramin gyara ne, daga 5 zuwa 15 lamari ya fara girma, daga 15 zuwa 25 ɓarna ce mai tsanani, abin da ya haura 25 kuwa ginin kansa na cikin hatsari. A aune-aunenmu na gida: tsinken ashana bai wuce milimita biyu zuwa uku ba. In biro ya shiga, a nemi injiniya. In yatsa ya shiga, a kwashe yara daga ɗakin tukuna, sannan a yi shawara.

Amma faɗi ba shi ne babbar tambaya ba. Babbar tambaya ita ce: tana motsi ko ta tsaya? Tsaga mai faɗi da ta shekara goma ba ta ƙaru ba ta fi siririyar da ta ninka cikin mako biyu aminci. Gane haka ba ya bukatar na'ura. A ja layi da fensir a ƙarshen tsagar, a rubuta kwanan wata. A kafa ƙusa biyu, ɗaya a kowane gefe, a riƙa auna tsakaninsu duk Juma'a ana rubutawa. A manna siririn yaɓen siminti a kan tsagar, in ya dare an san tana da rai. A ɗauki hoto da waya, da rula a jiki, daga wuri ɗaya. Idan ƙaruwar wannan mako ta fi ta makon jiya, to ƙasa ta fara sauri, kuma lokacin awo ya wuce.

Akwai alamun da ba tsaga ba. Ƙofar da ta shekara tana rufuwa lafiya ta fara cijewa, alhali ba damina ba ce. Ruwan wanki ya sauya hanya a tsakar gida, ya koma taruwa a wata kusurwa. Lemon tsami in an ajiye shi a daɓe ya gangara. Rijiya ta janye ruwanta cikin dare ɗaya, ko ta gurɓace babu dalili, ko zobban kwakwarenta su goce wa juna. Turakun lantarki ko itatuwa su karkata wuri guda, waya ta yi tsauri a nan ta yi sako-sako a can. A gona a ga wani zagayayyen wuri ya ɗan faɗa, ko ruwan sama na kwarara cikin wani ɗan rami yana ɓacewa. Alama ɗaya na iya zama ba komai ba. Biyu ko uku a wuri guda, ga kuma labarin an taɓa haƙa a wurin, sallama ce ƙasa take yi.

Ilimin mai gina rijiya

Yayan mahaifiyata, Allah ya jiƙansa, sana'arsa ke nan gina rijiya a ƙauyukan gabashin Daura, tun kafin burtsatse ta yawaita. Bai yi boko ba, amma da na fara karanta rubuce-rubucen injiniyoyi kan wannan batu, sai na riƙa cin karo da Kawu a kusan kowane shafi.

Ba ya barin a tara ƙasar da aka fitar a bakin rijiya, sai an kai ta nesa. Dokar kare ma'aikata ta Amurka ma ta ce a nisanta tulin ƙasa da bakin rami da aƙalla ƙafa biyu, kuma duk ramin da ya kai zurfin ƙafa biyar a tokare shi ko a kwantar da gefensa, sai fa in cikin dutse ne tsantsa. Kowace safiya kafin ya sauka, yakan zagaya bakin rijiyar yana duban ƙasa, ko wata tsaga ta kwana. In ya sauka, yakan ƙwanƙwasa bango da ƙotar gatari. Ƙara mai tauri lafiya ce, ƙara irin ta ganga kuwa na nufin ɓawon ya rabu da uwarsa. Masu haƙar kwal a Turai da Amurka da wannan hanya suka daɗe suna gwada rufin mahaƙa. Yakan zura fitila kafin mutum ya shiga, in ta mutu ba mai sauka. Abin da ya fi tsoro kuwa shi ne yashi ya fara tsiyayowa siriri daga bango ba tare da an taɓa shi ba. In ya ga haka ba ya tsayawa ɗaukar kayan aiki, igiya kawai yake girgizawa. Yakan gaya wa yaransa cewa ana sayen wata diga a kasuwa.

A mahaƙar da ake tokarewa da itace akwai ƙarin alama: itace na kuka kafin ya karye. Tsofaffin mahaƙa sun fi son itacen da ke ƙara in nauyi ya hau shi a kan wanda ke karyewa shiru. Ɓawo na ɓantarewa daga jikin ginshiƙi, ruwa na tsattsafowa inda da babu, ƙara kamar ta fashewar gora daga cikin ƙasa, duk umarni ne na fita.

Bambancin Kawu da saurayin da ya tafi ramin zinare bara shi ne shi ya gaji sana'arsa, ya yi shekaru yana jan guga kafin a bar shi ya sauka, kuma in ya ce yau ba a aiki, ba a yi. Saurayin kuwa ya isa yau ya shiga gobe, cikin mutanen da bai sani ba, a ƙarƙashin ubangidan da ya ba da kuɗin abinci yana jiran riba. Ko ya ga yashi na tsiyaya, wa zai saurare shi? Mutanen Arewa sun daɗe da sanin wannan hali. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, Turawan mulki sun tilasta wa dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin kuza a Jos, da yawa ba su dawo ba. Har yau a Filato ana haƙar da ake kira loto, a nutsa kamar rijiya sannan a rarake gefe. Jiya tilas ta hukuma ce, yau ta yunwa ce.

Gidan da ya sha fenti sau uku

Wani ɗan'uwana ma'aikaci ya sayi gida a wata sabuwar unguwa a gefen gari. Gida fes, sabon fenti, takardu cikakku. Damina ɗaya ta wuce, sai ga tsaga daga kusurwar tagar ɗakin yara. Aka cike, aka shafe. Ta dawo a daidai wurin, ta fi da faɗi. Da aka kankare bangon, sai ga sawun gyara har hawa uku a ƙarƙashi. Wani dattijo maƙwabci ne ya warware zancen: a nan suka koyi iyo suna yara. Kududdufi ne aka cika da shara da ɓaraguzai aka yanka filaye, rabin gidan na kan tsohuwar gaɓa, rabi na kan ciko. Shara na ruɓewa tana sauka, gaɓa kuwa tana nan inda take, sai gidan ya riƙa karyewa a tsakani.

Babu wata takarda da ta ambaci kududdufin. Ilimin yana nan a unguwar, cikin kan dattijo ɗaya, amma babu hanyar da zai bi ya isa ga mai saye. Malaman fiƙihu sun daɗe da yanke cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, kuma wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a yana ɗauke da alhakin abin da ya faɗa ciki. Shafe tsaga da fenti don a sayar, shi ne ramin muguntar da aka ce in za ka gina ka gina shi gajere.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin Daura na faɗaɗa. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Sufuri, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa ta nan. Kowane babban aiki na cin yashi da marmara, kuma inda aka ɗebo su rami ne. Bayan garin yau shi ne tsakiyar garin shekara ashirin masu zuwa.

Wa ke riƙe da taswira?

Ƙasashen da suka daɗe da haƙa sun koyi wannan darasi da tsada. Tun 1872 dokar Birtaniya ta wajabta a miƙa wa hukuma taswirar mahaƙar kwal in za a rufe ta. Hukumar kwal da aka kafa a 1994 ta gaji waɗannan taswirori, tana da rajistar bakunan ramuka sama da 170,000, kuma mai sayen gida a yankunan kwal yakan nemi rahoton abin da ke ƙarƙashin filin kafin ya biya. A birnin Kiruna na ƙasar Suwidin, mahaƙar ƙarfe ta kamfanin LKAB na tsaga ƙasa tana nufo gari. Da awo ya nuna haka, sai aka yanke shawarar matsar da tsakiyar garin, har a watan Agustan 2025 aka ɗauki cocin garin ɗungurungum a kan tayoyi aka kai shi kimanin kilomita biyar.

Maceió ta ƙasar Birazil ita ce ɗaya fuskar. An shafe shekaru arba'in ana haƙar gishiri a ƙarƙashin birnin. A farkon 2018 tsaga ta bayyana a gidaje da tituna na unguwar Pinheiro, sai girgiza ta biyo baya a watan Maris. A 2019 hukumar binciken ƙasa ta Birazil ta danganta lamarin da ramukan kamfanin Braskem, kuma a ƙarshe kimanin mutum 60,000 suka bar gidajensu. Mazauna unguwa ne suka fara ganin alamar a bangon ɗakunansu.

A Nijeriya hukumomi suna nan a takarda. Sashe na 44(3) na Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta tanadi sashen duba mahaƙai, da ofishin rajistar lasisi, da kwamitin ma'adinai da muhalli a kowace jiha. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuwa ta danƙa filaye a hannun gwamna. Ka ga ke nan abin da ke ƙasa na Abuja ne, doron ƙasa na Katsina ne, wanda zai fara ganin tsaga kuwa mai unguwa ne, kuma ba a ba shi ko littafin rubutu ba. Taswirar lasisi tana nuna inda aka yarda a haƙa, ba ta nuna ramin da matasa suka haƙa babu lasisi suka bari.

Fasaha ma ta sauƙaƙa. Taurarin ɗan'adam na Sentinel-1, waɗanda Turai ta fara harbawa a 2014, na iya gano saukar ƙasa ta 'yan milimitoci, kuma bayanansu kyauta ne ga duk mai iya sarrafa su. Amma tauraro ba zai ga tsohuwar rijiyar da ke ƙarƙashin gadon wani ba. Wannan sai dattijon unguwa.

Littafin ramuka

Shawarata ƙarama ce, ba ta jiran kasafin kuɗin tarayya. Masarautar Daura na da tsarin da ya kai kowane lungu: hakimai, dagatai, masu unguwanni. Kowane mai unguwa ya buɗe littafi, ya tara dattawa da magina da masu gina rijiya, a rubuta kowane kududdufi da aka cike, kowace rijiya da aka rufe, kowane ramin yashi ko marmara, da shekarar da aka bar shi. Ɗaliban safiyo da na labarin ƙasa su bi da wayoyinsu su ɗauki lambar kowane wuri. A ajiye kwafi a fadar hakimi, a kai wani sashen filaye na ƙaramar hukuma. Masu unguwanni dama su ne shaidun cinikin fili, sai ya zama ba sa sa hannu sai an buɗe littafin a gaban mai saye. Dattawan da suka san waɗannan wurare suna ƙarewa, kowace jana'iza na tafiya da wani yanki na taswirar.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da ke hannun kowa. Mai sayen fili ya tambayi tsofaffin unguwa abin da ke wurin shekara talatin baya, ya kuma ziyarci filin washegarin ruwa mai ƙarfi. Wanda ya ga alamu a gidansa ya karkatar da indararo da lambatu daga wurin, ya hana tifa tsayawa kusa, ya sanar da mai unguwa, ya nemi injiniya mai rajistar COREN kafin ya nemi mai fenti. Ramin da ya buɗe a killace shi, kada a cika shi da shara, domin shara rufe ido ce kawai. In kuma ƙasa ta rufta da mutane, taron 'yan kallo a bakin ramin na iya jawo ruftawa ta biyu a kan masu ceto, don haka a ja da jama'a baya.

Wanda kuma yake da ƙane ko ɗa da ya ɗaura niyyar tafiya ramin zinare, mai yiwuwa ba zai iya hana shi ba, tunda ba shi da abin da zai ba shi a madadi. Amma zai iya zaunar da shi daren tafiya ya gaya masa abu huɗu: ya zagaya bakin rami kowace safiya, ya ƙwanƙwasa rufi ya saurara, kada ya taɓa ginshiƙi kome ƙyallin da ya gani a jikinsa, in kuma ya ga yashi na tsiyaya ya bar diga ya kama igiya.